Mai Mabuɗin Akwatin Kowa

Ranar Juma'a ce, an idar da salla ke nan, jama'a na ta laluben takalma a bakin masallaci, sai wayar Sufeto Nata'ala ta yi ƙara.

"Yallaɓai, an ce wutar lantarki ta kashe mutum a kamfanin Alhaji Bubayero, masu riɗi da zoɓo, nan hanyar Kiyawa. Wai injiniyan kwamfuta ne daga Kano."

Sufeto Nata'ala mutum ne da ya yi furfura a cikin kaki. Ba ya gaggawa, ba ya kuma mantuwa. Da ya ji an ambaci kwamfuta, sai ya biya ta ofis ya ɗauki Saja Zakiyya, wadda ita ce idonsu a kan irin waɗannan na'urori, domin shi kansa wayar da ke aljihunsa kira kawai ya iya da ita.

A bakin kamfanin manaja ya tarbe su, wani matashi mai suna Tasi'u, ga ƙaton agogo a hannu, ga baki ba ya rufuwa. Alhaji Bubayero kuwa yana zaune a kan benci yana jan carbi. Dattijon Bafulatani ne da ya sayar da rabin garkensa ya shiga fataucin riɗi, Allah ya sa wa abin albarka.

"Ranka ya daɗe, mene ne aikin mamacin a nan?" in ji Sufeto.

"Yaran nan ne suka ce mini Turawan da ke sayen riɗinmu ba sa yarda da saƙon da bai fito da sunan kamfani ba," in ji Alhaji. "Wai sai mun kafa gidan wayarmu a cikin gida. Shi ne Tasi'u ya ɗauko Zuhair. Ga inda abin ya kai mu."

Ɗakin ɗan ƙarami ne, sanyi kamar cikin firij. A kusurwa wata doguwar baƙar na'ura ce tsaye, wadda suke kira saba, fitilunta na ƙyafta ido. A kan tebur ga allo baƙi ƙirin da farin rubutu. A ƙasa kuma ga Zuhair.

"Ka ga wayar nan, yallaɓai?" Tasi'u ya nuna wata tsirarar wayar wuta kusa da hannun mamacin. "Ita ce. Mun ce ya zo mu tafi masallaci, ya ce shi matafiyi ne, kuma yana tsakiyar aiki. Ka ga sakamakon."

Sufeto bai ko dubi wayar ba. Gawar yake kallo. Tana kwance a kan ɓarin dama, fuska na duban gabas. An rufe idanu. An ɗaure haɓa da hankici. An miƙe ƙafafu, an haɗa manyan yatsun ƙafa biyu an ɗaure da farin zare.

Ya tsuguna ya buɗe tafin hannun, babu ƙuna. Ya shafa ƙeya, yatsunsa suka dawo da jini.

"Wa ya taɓa gawar nan?"

"Babu kowa, yallaɓai. Yadda muka dawo haka muka same shi."

"Na ga waɗanda wuta ta kashe, Malam Tasi'u, sun fi yatsuna yawa. Ban taɓa ganin wutar da ta san alƙibla ba. A rufe ƙofar waje. Kada kowa ya fita."

Saja Zakiyya ta ja kujera ta zauna gaban allon. Ba ta taɓa komai ba sai da ta ɗauki hoto.

"Karanta mini, Saja. Amma da Hausa."

"Yallaɓai, irin wannan na'urar ba ta da hotunan da ake dannawa. Rubuta mata umarni ake yi layi layi, tana amsawa. Ya riga ya ɗora mata manhajar aika saƙo, ya sanar da ita sunan kamfani, ya buɗe ƙofofin da saƙo zai shiga ya fita. Abin da ya rage shi ne buɗe wa kowane ma'aikaci akwatin saƙonsa. Sai ya rubuta sunan mutum, ya kira shi ya zo ya sa kalmar sirrinsa da hannunsa."

"A kan wa ya tsaya?"

"Ga sunan nan a layin ƙarshe. Amatullahi. Na'urar na jiran kalmar sirrinta har yanzu, ba a sa ba."

Tasi'u ya tafa hannu. "Sakatariyarmu ce! Yallaɓai, jiya jiyan nan ta yi masa tatas a gaban kowa. Kuma duk mazan gidan nan mun tafi masallaci, maigadi ma ya ja ƙofa ya bi mu. Ita kaɗai aka bari."

Ana cikin haka DPO ya kira. Labari ya riga ya kai masa, har da sunan matar. Umarninsa gajere ne: a kawo ta caji ofis, a rubuta kisa, a huta.

"Yallaɓai, a ba ni zuwa magariba."

"Zuwa magariba, Nata'ala. In ba ka kawo wani ba, ita za ka kawo."

Amatullahi mace ce 'yar siririya, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, albashin nan shi ne tuwonsu. Tana zaune a ofishinta ta dunƙule hannu a cikin hijabi.

"Malama, kin shiga ɗakin can yau?"

"Ban shiga ba."

"Sunanki na kan allo."

"Ban san yadda aka yi ba."

"Malama, ni ba yaro ba ne. Mutum ba ya rubuta sunanki ya zauna yana jiran iska. Ya kira ki ko bai kira ki ba?"

Can ta ce, "Ya kira ni. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba na so. Ya yi dariya ya ce in je in yi tunani, yana nan yana jira. Na tafi bayan ofis na yi alwala na yi azahar. Ban sake leƙawa ba."

"Me ya sa ba kya son akwatin? Kowa ya karɓa."

Ta ɗago ido, Sufeto ya ga wuta a cikinsu.

"Saboda na san shi. Kafin in zo nan, a wani kamfanin shinkafa na yi aiki a Ringim. Shi ya kafa mana irin wannan. Ya ce kowa da mabuɗinsa, ashe babban mabuɗin na hannunsa. Akwai wata abokiyar aikina, Lauratu. Mijinta ya mutu ya bar mata cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ba wanda ya sani, tana shan maganinta, tana aikinta, ta fi ni ƙiba. Ta rubuta wa likitanta saƙo ta akwatin ofis. Wancan da ke kwance ya buɗe ya karanta, ya ɗauka a waya, ya kai majalisa ana shan shayi."

"Sai me ya faru?"

"Sai Ringim ta ɗauka. Kofin da ta sha ruwa ba mai taɓawa. Ta bar aiki. Ta daina zuwa karɓar magani don kada a gan ta a layi. Damina ɗaya ta yi, ta rasu."

"Allah ya ji ƙanta. Tana da dangi?"

Amatullahi ta mai da ido ƙasa. "Ban san danginta ba."

Sufeto ya san wannan ma ƙarya ce, amma bai matsa ba. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Zuhair ƙato ne, ita kuwa ko buhun da aka cika rabi ba za ta iya jujjuyawa ba. Kuma a ƙasar nan mace ba ta gyara gawar namijin da ba nata ba. Ko ta kashe shi, ba za ta ɗaure masa haɓa ba.

Saja Zakiyya ta leƙo. "Yallaɓai, zo ka gani."

Ta buɗe inda ake rubuta wa na'urar dokokin aikinta, ta sa yatsa a kan wani layi.

"Wannan layin ba dole ba ne, da gangan aka ƙara shi. Ma'anarsa, duk saƙon da ya shiga ko ya fita daga kamfanin nan, na kowa, har na Alhaji, a aika kwafinsa wani akwati a ɓoye."

"Akwatin wa?"

"Na manaja."

Aka kira Tasi'u. Da farko ya rantse bai san zancen ba. Ya ce ai shi boko ya yi, ba kwamfuta ba. Sufeto ya bar shi ya gama rantsuwarsa tas, sannan ya ce a kira Alhaji a karanta masa layin. Nan take gumi ya karyo wa Tasi'u a cikin ɗakin da ke da sanyin firij.

"Yallaɓai, don Allah. Ni na ce ya sa. Don tsaron kamfani ne kawai."

"Tsaron kamfani har da leƙen saƙon mai kamfanin? Kai dai munafuki ne, ka amsa sunanka. A ina kuka ƙulla?"

"Shekaranjiya, a bakin sito. Ya ce abu ne mai sauƙi, ya taɓa yi a Ringim, har ya ba ni labarin wata mata, yana dariya. Amma wallahi ban kashe shi ba! Ni na tuƙa Alhaji masallaci, sahu ɗaya muka yi."

Alhaji ya tabbatar da haka, yana kallon manajan nasa kamar ya ga kashi a kan tabarmar salla.

"Wa ke kusa lokacin da yake ba ka labarin?"

"Babu kowa. Sai dai Malam Barau, mai sito, yana ɗinkin buhu. Shi kuwa ba ruwansa da irin wannan, ko akwatin ma ya ce ba ya so."

Sufeto ya juya wurin Alhaji. "Ranka ya daɗe, in an yi rashi a cikin ma'aikatanka, wa ke yi muku sutura?"

"Malam Barau mana. Duk unguwarsu shi ake kira, ba ya karɓar ko goro. Mutumin kirki. Daga Ringim ya zo mini, bayan 'yarsa ta rasu, ya ce garin ya fita ransa."

Sito dogo ne, buhunan riɗi sun kai rufi. Ƙurar riɗi ta lulluɓe komai, daga ƙasa har igiyar fitila. A gefen ƙofa ga babban sikeli irin na da, ga duwatsun awonsa na ƙarfe a jere. Dukansu sun yi furu-furu da ƙura, ban da guda ɗaya. Wannan an wanke shi fes, har da sauran danshi a ƙarƙashinsa.

Malam Barau na zaune a kan buhu, basilla a hannu, yana ɗinke bakin wani buhun. Dattijo ne baƙi, dogo, mai faɗin kafaɗa irin na waɗanda suka girma da dako. Ƙullin farin zare na gefen ƙafarsa.

"Salamu alaikum, Malam."

"Wa alaikumus salam, Sufeto. Sannu da aiki."

"An samu Juma'a?"

"An samu, alhamdu lillahi."

"A wane masallaci?"

"Na bakin kasuwa."

"Da wa kuka tafi?"

"Ni kaɗai nake tafiyata."

"Wannan dutsen fa, me ya same shi ya yi wanka ban da 'yan'uwansa?"

"Manja ne ya zube a kai."

"A siton riɗi?"

Malam Barau ya ci gaba da ɗinkinsa. Ya ja zarensa, ya naɗa sau biyu a yatsa, ya zarge, ya ja ƙulli, ya datse da haƙori. Sufeto ya sunkuya ya dubi ƙullin da kyau. Ya riga ya ga irinsa yau, a kan yatsun ƙafar Zuhair.

"Malam, ya sunan 'yarka da ta rasu?"

"Ka bar matattu su huta, Sufeto."

"To shi ke nan."

Sufeto ya fita tsakar kamfanin. Rana ta yi ƙasa, inuwar duwatsun garin ta miƙo har kan motocin dako. Ya sa aka tara ma'aikata duka, aka fito da Amatullahi. Ya ciro ankwa daga ƙugunsa ya miƙa wa Saja Zakiyya, ya ɗaga murya yadda za ta kai cikin sito.

"Malama Amatullahi, sunanki ne a kan allo, ke aka bari a gida, kin kuma yi mini ƙarya. DPO na jira. Laifin kisa ba a ba da beli. In kina da wanda zai riƙe miki yara, faɗi yanzu a aika masa."

Ta dubi ƙofar sito sau ɗaya, ta kawar da kai, ta miƙa hannayenta biyu.

"Kada ki sa mata ankwar nan, 'yata."

Malam Barau ne tsaye a bakin sito, basillar na hannunsa har yanzu. Ya ajiye ta a kan sikeli, ya tako a hankali har tsakiyar fili.

"Yarinyar nan ita kaɗai ce ta ci abinci kwano ɗaya da Lauratu har ranar da ta cika. Ba za ta kwana a sel saboda ni ba. Ta gan ni na fito daga ɗakin, ta yi shiru. Ni na kashe shi."

Salati ya tashi. Alhaji Bubayero ya miƙe, carbinsa ya faɗi. "Malam Barau! Kai?"

"Ni, Alhaji. Ka yafe mini ɓata maka gida, amma shi ban nemi yafiyarsa ba."

"Faɗi yadda aka yi," in ji Sufeto. "Saja, rubuta."

"Lauratu ita ke nan gare ni. Ni na sa ta a kabari da hannuna, ba ta kai nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Na je wurin masu kamfanin, suka ce ba su san zancen ba. Na je wurin hukuma, aka ce in kawo shaida, ni da ban san ta inda ake kunna abin ba. Na bar wa Allah, na bar garin. Sai ga shi Allah ya kawo mini shi har bakin sitona. Bai san ni ba. Ina ɗinki, yana ba wancan labarin 'yata. Har yana kwaikwayon yadda ta rubuta, likita ka rufa mini asiri. Suna dariya, Sufeto. Su biyu."

Tasi'u ya ja da baya ya ɓuya a bayan direbobi.

"Kwana biyu ban runtsa ba. Yau na bi jama'a har bakin titi, na zagayo ta ƙofar baya. Na tarar da shi ya ba ni baya yana buga rubutunsa. Na ce, ka tuna Lauratu ta Ringim? Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, Baba, in akwati kake so ka jira layinka. Sai na sauke masa dutsen."

"Wayar wutar fa?"

"Ni na fere ta na ajiye, don a ce tsautsayi ne. Na kai har bakin ƙofa zan fita. Sai na waiwaya na gan shi ido a buɗe, baki a wangame, ƙafa ɗaya a kan kujera. Shekara da shekaru ina gyara gawar Musulmi, ban taɓa barin ko ta maƙiyi a haka ba. Zuciyata ta ce tafi, hannuna ya ƙi. Na san ina tona wa kaina asiri, ina yi ina tsine masa."

"Ka yi nadama?"

"Na yi nadamar Juma'ar da na rasa."

Sufeto Nata'ala ya daɗe yana kallonsa. A aikin nan ya kama ɓarayi da 'yan fashi bai ji komai ba, amma yau ankwar ta yi masa nauyi. Duk da haka ya karɓe ta daga hannun Saja, domin rai rai ne, ko na mutumin banza.

"Malam, an zalunce ka, wannan ba mai musu. Amma shi ma yana da uwa a Kano, yanzu za a kira ta. Ka ɗauki hukuncin da ba naka ba. Miƙo hannu."

Ya miƙa. Ƙarfen ya rufe.

Alhaji ya share ido da bakin rawani, sannan ya juya. "Tasi'u, ajiye mini mabuɗan ofis a kan bencin nan. Ke kuma 'yar sanda, don Allah kafin ki tafi ki goge wannan layin na munafunci."

"Sai an gama shari'a, Alhaji. Yanzu shaida ne. Na'urar ma da mu za ta tafi."

Amatullahi ta durƙusa a gaban dattijon tana kuka. "Baba, da ka bari. Da na jure."

"Tashi ki tafi gida, yara na jiranki. Ki ce musu aiki ne ya riƙe ki."

Aka nufi mota da shi. Ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ya tsaya ya juyo wurin Saja Zakiyya.

"'Yata, ke da kika san cikin abin nan. Saƙon da Lauratu ta rubuta, tun da shi ya mutu, ya mutu tare da shi?"

Saja ta dubi Sufeto. Ya gyaɗa mata kai, don bai yarda a yi wa dattijo ƙarya ba ko a irin wannan wuri.

"A'a, Baba. Yana nan a na'urar Ringim. Yana kuma cikin wayar duk wanda aka tura wa."

Malam Barau ya yi tsaye kamar an dasa shi.

Sufeto ya dafa masa kafaɗa, ya sunkuyar masa da kai don kada ya bugi ƙofa, ya shigar da shi.

"Direba, mu je."